Kafin ka kai laftof ɗinka a yi mata fomatin

Saura kwana tara in kai wa sufabaiza babi na huɗu, editan da nake rubuta kod da shi, wato VS Code, ya fara yi mini abin da bai taɓa yi ba. Ina gida Kabo a lokacin, watan Afrilu, irin zafin nan da ko bango ka dafa sai ka janye hannu. In na danna harafi, sai na ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin ya fito a allo. Fankar laftof na ta kuka kamar injin markaɗe. Bayan kamar awa guda sai tagar ta yi fari fat, wani ɗan saƙo ya fito wai ta mutu ba zato, a cikinsa da wata kalma mai harafi uku: oom.

Furojek ɗina manhajar lissafin kaya ce da na rubuta da PHP da MySQL saboda kemis ɗin kawuna da ke Gwarzo. Tana nuna wane magani ya shigo, wane ya fita, wane ya kusa lalacewa. Wata uku na yi a kanta, kuma kwafi ɗaya tak gare ni, a cikin laftof ɗin nan mai ram giga 4 da na saya ta hannu.

Washegari na hau mota zuwa Gwarzo, don can nake samun caji a shagon wani mai sola. Wani mai gyara da ke zaune a wurin ya leƙa allon, ko minti ɗaya bai yi ba ya yanke hukunci: "Bairos ce. Kawo a yi mata fomatin, a sa sabon Windows." Na san da yawanku an faɗa muku haka, wasu ma sun yarda. Ni ban yarda ba, ba don na fi shi sani ba, sai don tsoron abin da zan rasa. Yanzu kuma na gane ko da na yarda ba abin da zai gyaru. Da an gama fomatin zan sake sauke kayan da na saba saukewa, in buɗe foldar da na saba buɗewa, bayan sati ɗaya ciwon ya dawo, ga kuɗin gyara da na data sun tafi a banza. Fomatin ba ya gaya maka wa ya cinye maka ram. Kwamfutar da kanta za ta gaya maka, in ka san inda za ka tambaye ta.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne VS Code ba manhaja ɗaya ba ce da ke aiki ita kaɗai. Kamfanin Microsoft ya fitar da shi a 2015, kuma an gina shi a kan wani tubali mai suna Electron, wanda a cikinsa akwai Chromium, injin da burauzar Chrome ke tafiya a kansa. Ma'ana, duk lokacin da ka buɗe editan, kamar ka buɗe wata burauza ce ta biyu. Sannan aikin a rarrabe yake tsakanin ma'aikata da yawa, kowanne da rabonsa na ram. Akwai mai zana tagar da kake gani. Akwai mai gadin fayiloli, wanda aikinsa ya lura ko wani fayil ya canza. Akwai mai riƙe da taminal. Akwai wanda duk ekstenshan ɗin da ka sauke ke zaune a gidansa. Bayan su kuma akwai masu karanta kod ɗinka suna ba ka shawara tun kafin ka gama rubuta kalma, ɗaya na PHP, ɗaya na Python, ɗaya na JavaScript. In ka ce "editana ya yi nauyi", kamar ka ce "ajinmu na surutu" ne. Wa ke surutun a cikin ajin?

Shi kuwa ram, ku ɗauke shi kamar teburin mai shayi. Abin da ake amfani da shi yanzu-yanzu, kofi da madara da burodi, yana kan tebur, hannu kawai za a miƙa. Faifan ajiya kuma shi ne sito can bayan shago: ya fi girma nesa ba kusa ba, amma sai an tashi an je. In tebur ya cika, Windows ba ya tsayawa. Sai ya riƙa kwashe wasu kaya yana kaiwa sito, in an buƙace su ya koma ya ɗauko, ya kai wasu. To in sitonka tsohon faifai ne mai juyawa, irin wanda ke zagaye 5,400 a minti, wannan kai-kawon shi ne ɗaya, biyu, ukun da nake ƙirgawa. A laftof mai giga 4, Windows kaɗai kan cinye kusan rabi tun ba ka buɗe komai ba. Ka ƙara Chrome da shafi goma, ka ƙara XAMPP da Apache da MySQL ɗinsa, ka ga editan ya zo ya tarar ba wurin ajiye kofi. Kalmar oom ɗin nan gajarta ce ta Turanci da ke nufin wurin ya ƙare ƙaf.

Don haka wurin farawa ba cikin editan ba ne. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga sashen Performance ka dubi abu uku. In ram ya haura kashi 90 cikin ɗari, tebur ne ya cika. In faifai ya tsaya a kan 100 ya ƙi sauka, ko dai kai-kawon sito ake yi, ko wani ma'aikaci na bin dubban fayiloli ɗaya bayan ɗaya. In kuma ram da faifai duk lafiya amma gudun firosesa ya faɗi ƙasa da abin da aka rubuta mata, misali mai giga 2.4 tana tafiya a ƙasa da 1, to ba laifin wata manhaja ba ne. Zafi ne ko caja. Zan dawo kan wannan.

Nawa ram ne ya cika, faifai ma yana 100. Sai na koma cikin editan, na shiga Help, na zaɓi Open Process Explorer. Wata 'yar taga ce da ke jero ma'aikatan nan duka, kowanne da adadin ram da firosesar da yake ci. Mutane da yawa sun shekara biyu suna amfani da VS Code ba su taɓa buɗe ta ba, ni ma ina cikinsu. Wanda ya fi son taminal zai iya rubuta code --status ya sami kusan bayani iri ɗaya.

A nan ne na yi abin da ya fi komai amfani a duk wannan labarin, kuma ba ya buƙatar data ko sisin kwabo: na yago takarda daga littafin lakca. Na rufe editan, na sake buɗe shi, na rubuta adadin ram na kowane ma'aikaci. Bayan minti goma na sake rubutawa. Haka har sau biyar, ina zaune a kan benci mai sola na ta kallona kamar wanda ya zautu.

Dalili kuwa, kallo ɗaya ba ya bambance mai ci da yawa da mai ci ba ƙoshi. Ma'aikacin da ke karanta kod zai iya hawa da sauri a minti biyar na farko, saboda yana haddace furojek ɗinka ne, sannan ya tsaya cak a wuri ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne, aikinsa ke nan, ko da adadin ya yi maka girma a ido. Mai ciwon shi ne wanda ke hawa a hankali ba tsayawa, ko da ka naɗe hannu ba ka taɓa komai ba. Shi ake kira yoyon ram. Sunan ma yana ɗan ruɗarwa, don ba zuba ram ɗin ke yi ba. Ku koma wurin mai shayinmu: wani kwastoma ne da kullum in ya karɓi kofi ba ya mayarwa, sai ya riƙe a hannu ya nemi wani. A cikin Electron akwai mai shara da ke bi yana kwashe duk abin da aka gama amfani da shi, amma ƙa'idarsa ita ce ba ya taɓa abin da wani ke riƙe da shi. In wanda ya rubuta ekstenshan ya manta bai sa kod ɗinsa ya saki abin da ya gama da shi ba, mai shara zai wuce ya bar shi, kofuna su yi ta taruwa har tebur ya cika.

A takardata layi ɗaya ne kawai bai daina hawa ba, wanda aka rubuta extension host, gidan ekstenshan. Na ƙirga abin da na tara a ciki: 27. Kunya ta kama ni. Akwai na canza launi har guda huɗu, akwai na Java da na sauke tun ND I don kwas ɗaya ban sake waiwayarsa ba, akwai waɗanda na gani a bidiyon YouTube wai "dole kowane mai kod ya mallaka". Don in tabbatar, na rufe komai na buɗe editan daga taminal da code --disable-extensions, wato ba ekstenshan ko ɗaya. Ya tashi garau, harafi na fita tun yatsa bai bar madanni ba.

Saura a gano wanne ne a cikin 27. In za ka bi su ɗaya-ɗaya, ka kwana a Gwarzo. Amma tun ƙarshen 2020 editan na da wata dabara: danna Ctrl da Shift da P, ka rubuta Start Extension Bisect. Zai kashe rabin ekstenshan ɗinka, ya sake buɗe tagar, ya tambaye ka ko matsalar na nan. In ka ce tana nan, ya san mai laifin na cikin rabin da ke kunne. In ka ce babu, yana cikin rabin da aka kashe. Sai ya sake raba wancan rabin biyu. 'Yan ajinmu za su gane shi nan take, binciken raba-biyu ne da aka koya mana a kwas ɗin tsarin bayanai, wanda muka haddace don jarrabawa muka watsar. Da zagaye biyar za a iya tace har guda 32. Sai dai ga wani tarko: in ciwonka yoyo ne, ba zai nuna kansa a minti ɗaya ba, kuma in ka yi gaggawar amsa "babu" alhali yana nan, ka tura binciken hanyar da ba ita ba, a ƙarshe ya kama maka marar laifi. Ni kowane zagaye sai da na ba shi minti goma, ina buɗe fayiloli ina adanawa kamar yadda na saba, ina duba ko layin na hawa. Kusan awa guda ya ci. Wanda aka kama wani ɗan ekstenshan ne da ke sabunta shafin burauza da kansa duk lokacin da na adana fayil. Ba zan ambaci sunansa ba, don ba mamaki mai shi ya gyara shi tuni, kuma kamar yadda za ku gani, rabin laifin nawa ne.

Na cire shi, yoyo ya tsaya, amma faifai bai sauka daga 100 ba duk lokacin da na buɗe editan. Sai na lura da abin da ke gefen hagu na allona. Ashe ba foldar furojek ɗina nake buɗewa ba, htdocs gaba ɗaya nake buɗewa, uwar foldar da XAMPP ke ajiye komai. A cikinta akwai asamen ɗina na semista uku, akwai furojek ɗin abokai biyu da na karɓa a filash don in duba, akwai WordPress da na taɓa gwadawa, ga hotunan kwalayen magani da na ɗauka da waya a kemis ɗin kawu ban rage musu girma ba. Duk foldar da ka buɗe, ka ce wa editan ne "wannan duka nawa ne, ka kula da shi". Mai gadi zai sa ido a kan kowane fayil, mai karanta PHP zai bi kowane layi na WordPress yana haddacewa, shi ma ɗan ekstenshan ɗin da na cire duk wannan tarkacen yake gadi. Na ɗora wa jaki kayan raƙumi, ina mamakin ya durƙushe.

Maganin bai kai minti biyu ba: File, Open Folder, na zaɓi foldar furojek ita kaɗai. Sannan a cikin saitin na nemo files.watcherExclude da search.exclude, na sa foldar hotunan a ciki don mai gadi da mai bincike su daina shiga. Masu Laravel ku duba foldar vendor, masu Python ku duba venv, masu JavaScript kuwa kun san node_modules, wadda fayilolinta kan kai dubbai a furojek ɗin da bai fi shafi uku ba. Kuma kar ku ajiye furojek a Desktop ko Documents in OneDrive na kunne, don zai yi ta ƙoƙarin loda kowane ɗan fayil zuwa intanet, ya haɗa muku nauyi da ƙarewar data.

Akwai kuma lokacin da editan ba ruwansa sam. Wani abokina da ke karanta safiyo a makarantar nazarin muhalli ta Gwarzo ya kawo mini tasa da irin wannan kuka, wai da ya danna Run sai komai ya daskare. Muka buɗe Task Manager tare muka danna. VS Code na zaune lafiya, python.exe ne ke kumbura kamar balan-balan. Yana karanta fayil ɗin ma'aunan fili ne a cikin madauki na while, yana tara kowane layi a jeri, amma ya manta layin da zai matsar da shi gaba. Sai madaukin ya yi ta tara abu ɗaya har abada. Mu masu PHP muna da ɗan gata a nan, don harshen na da iyakar ram da iyakar lokaci da yake ba kowane shafi, in ka wuce ya yanke ka ya rubuta maka kuskure. Python ba ya yanke kowa, zai ci har sai tebur ya ƙare. Ctrl da C a taminal na tsayar da shi in ka yi sauri. Masu amfani da Jupyter su ma su sani, duk abin da suka loda yana nan zaune a ram har sai sun sake tayar da kanel ɗin, ko da sun goge akwatin da suka rubuta shi.

Mutuwar taga ba iri ɗaya ba ce, saƙon da ya fito shi ke nuna hanya. In oom ne, ram ne, ko dai na kwamfutar duka ya ƙare, ko ka buɗe wani ƙaton fayil, irin kwafin rumbun bayanai na SQL, wanda ya fi ƙarfin tagar. In saƙon ya ce gidan ekstenshan ne ya mutu, koma kan raba-biyu. In kuwa allon ne ke yin baƙi, ko rubutu na rawa yana ɓacewa, sau da yawa tsohon direban katin hoto ne ba sa jituwa da Chromium. Gwada buɗewa da code --disable-gpu, in ya daina ka san inda matsalar take.

Ranar da tagata ta yi fari, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne aikin awa guda da ban adana ba. Da na sake buɗewa sai na tarar da shi yana nan, don editan na ajiye kwafin abin da ba a adana ba a ɓoye. Kuma akwai Timeline a ƙasan jerin fayiloli, inda tun 2022 za ka ga tsofaffin kwafin fayil na lokutan baya da ka adana, ka koma wanda kake so. Amma duk wannan a cikin faifai ɗaya yake zaune. Ranar da faifan ya mutu, ko aka yi fomatin, sun tafi tare. A daren nan na kunna Auto Save, na koyi umarni uku na Git, na tura furojek ɗin GitHub da hosfot ɗin wayata. Kod zalla ba shi da nauyi, bai ci datar da bidiyo ɗaya na TikTok ke ci ba.

Batun zafi kuma, mu nan yammacin Kano ba sai an yi mana bayani ba. Firosesa in ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kar ta ƙone. A Afrilu iskar da fanka ke ja ma ta kusa digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe ƙofofin iska tun Disamba, ga mu da ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu a kan tebur yana taimakawa fiye da yadda za ku zata. A buɗe ta a share ƙurar a canza man da ke kan firosesa, wannan ne aikin da ya cancanci a biya mai gyara. Caja ma a duba: wasu laftof, musamman Dell, in ba su gane cajar da aka sa musu ba sai su rage gudu da gangan. Haka in batir ya yi ƙasa Windows ya shiga yanayin tsimi.

In ka bi duk wannan, ekstenshan biyar kacal, folda ɗaya, shafi uku a burauza, amma ram na nan a kashi 90, to a nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma yanzu ka san abin da za ka saya. A ganina wanda ke da faifai mai juyawa ya fara da SSD, don ko tebur ya cika, sito ya dawo kusa, ga buɗe Windows da komai zai yi sauri. Ram ya biyo baya, daga 4 zuwa 8. Kafin ka hau motar Kano zuwa Beirut Road, duba a Task Manager ko akwai ramin da ba kowa, kuma ka san irin naka, don DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, wasu laftof ɗin ma ram ɗinsu a like yake ba ya ciruwa. Wanda ba shi da ko ɗaya a yanzu, ba dole sai VS Code ba. Notepad++ na rubuta PHP lafiya lau, ram ɗin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Thonny, da aka yi a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya don masu koyon Python, ya ishi asamen ɗin ND. Ranar difens ba wanda zai tambaye ka da wane edita ka rubuta.

Ni dai ban sayi komai ba tukuna, kuɗin bugawa da ɗaurin furojek na jirana. Ekstenshan shida suka rage mini, na PHP da na Git da wasu huɗu, launi ɗaya. Babi na huɗu ya isa hannun sufabaiza saura kwana biyu, ya dawo mini da shi da jan biro a shafi bakwai, ba ɗaya da ya shafi kod. Har yanzu in rana ta take, wajen ƙarfe biyu, gudun firosesar kan faɗi, don ban kai an share mata ƙura ba. Sai na mayar da aikin kod bayan asuba da kuma dare, da rana in yi rubutun babi na biyar a takarda.